Tuffa a bayan gida: wacce zan dasa, wacce za ta yi mata barbara?

Maman Iman, Bradford:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin masu lambu. Gidan da muka koma yana da ɗan fili a baya, faɗinsa kamar mita 5, tsawonsa mita 9, ga katangar bulo da rana ke dukanta tun hantsi har la'asar. Ina so in dasa tuffa, irin wadda ake ci ɗanya, ba ta dafuwa ba. Yara sun fi son Pink Lady da Gala, su muke saye kullum. Na leƙa wurin masu sayar da dashe, sai na ga kowace bishiya an rataya mata takarda da lamba, wata 2, wata 3, wata 4. Mai wurin ya ce in ban haɗa ta da abokiya ba, ba lallai ta yi 'ya'ya ba. Gaskiya ne, ko so yake in sayi biyu? Kuma wane iri za ku ba ni shawara in ɗauka?

Abban Sadiq, Leicester:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki wahalar da kanki, Cox's Orange Pippin za ki saya. Duk Ingila babu tuffa mai ƙamshinta. In kika ci wadda ta nuna a bishiya ba za ki sake waiwayar Pink Lady ba.

Ummu Khalil, Landan:
Maman Iman, mai dashen nan ciniki yake nema. Bishiyata guda ɗaya ce tal, ban ma san sunanta ba, a gidan muka same ta. Duk shekara sai mun rarraba wa maƙwabta saboda yawa.

Kawu Bala, Leeds:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Mai dashen bai yi miki ƙarya ba, Ummu Khalil ma ba ta yi ƙarya ba, zan zo kan wannan.

Fara da cire Pink Lady daga ranki. A yammacin Ostireliya aka fitar da ita, tana son doguwar bazara mai zafi, a Bradford sanyi zai riske ta ba ta nuna ba. Gala tana yi a kudancin ƙasar nan, amma a wuri mai yawan ruwan sama irin namu baƙin tabon ganye da gyambon reshe suna damunta ƙwarai. Cox kuwa, Abban Sadiq, ban musa maka daɗinta ba, amma ita ce ta fi kowacce raki. A Colnbrook, kusa da Landan, Richard Cox ya same ta tsakanin 1825 da 1830, kuma har yau can kudu ta fi jin daɗi. A nan Yorkshire, ƙasar laka ga danshi, na ga mutane da yawa a filin lambun da muke haya sun dasa ta saboda suna, daga baya suka sare. Wanda zai fara dashe bai kamata ya fara da bishiyar da za ta karya masa gwiwa ba.

Lambar da kika gani lokacin fure take nunawa. Mai lamba 1 ta fi saurin buɗe fure, mai babbar lamba ta fi jinkiri, duka dai tsakanin ƙarshen Afrilu ne da Mayu. Abin da ake so, bishiya biyu masu iri daban su buɗe fure lokaci ɗaya, ƙudan zuma ya kwashi garin furen wannan ya kai wa waccan. Mai lamba 3 tana yi da 3, tana yi da 2, tana yi da 4. Amma 2 da 4 sun yi nisa, kafin ɗaya ta buɗe ɗayar ta zubar. Ki lura kuma, wasu masu dashen haruffa suke sa wa, A, B, C, D, don haka ki duba bishiyoyin biyu a jadawalin mai sayarwa ɗaya, kada ki haɗa lambar wannan da harafin wancan.

Ɗan Agadas:
Kawu, ashe kamar dabino ne ke nan? Mu can sai an samu namiji, a hau a ɗaura zangarniyarsa cikin ta macen. To a tuffa wanne ne namijin da za ta saya?

Dakta Hadiza, Kent:
Ɗan Agadas, akwai bambanci. Dabino namiji daban, mace daban, namijin kuma ba ya 'ya'ya. Tuffa kowane fure guda yana ɗauke da duka biyun. Matsalar ita ce yawancin ire-irenta ba sa karɓar garin furen kansu. In garin ya sauka a kan fure, yana tsiro da wani siririn zare da zai gangara har ya kai ga ƙwan da zai zama ƙwallo. In furen ya gane cewa garin nasa ne, sai ya tsayar da zaren a hanya. Saboda haka duk bishiyar da Maman Iman za ta saya mai haihuwa ce, kowacce za ta yi wa 'yar uwarta barbara, babu wadda za ta tsaya banza.

Amma a kiyaye abu ɗaya: sayen iri ɗaya guda biyu bai magance komai ba. Gala biyu, ko Cox biyu, a wurin fure abu ɗaya ne, don duk daga reshen uwa ɗaya aka yaɗa su. Haka ma iri da 'yar canjin launinsa, kamar Falstaff da Red Falstaff. Akwai kuma wasu dangin juna da ba sa karɓar juna, an san Cox da Kidd's Orange Red da wannan.

Ummu Khalil, taki tana yi ne saboda ɗayan biyu. Ko tana cikin 'yan ire-iren da ke iya yi da garin kansu, ko kuma akwai wata tuffa a unguwar. A gari mai cunkoson gidaje irin Landan da wuya a rasa.

Ummu Khalil, Landan:
To ai maganata ke nan, Dakta. In unguwa za ta wadatar, me ya sa za ta cika ɗan filinta da bishiya biyu? Yara ma suna son wurin wasa. Ni dai ina ganin ana tsorata mutane ne.

Kawu Bala, Leeds:
Ba tsoratarwa ba ce, Ummu Khalil. Ke kin gaji bishiyar da ta riga ta nuna tana yi a wurin. Ita kuwa za ta sa kuɗi, ta jira shekara 2 ko 3, sannan ta gane ko akwai abokiya ko babu. Bishiyar maƙwabci kuma ba taki ba ce, gobe yana iya sayar da gidan, sabon mai gida ya sare ta ya shimfiɗa siminti. Abin da ake ba da shawara shi ne abokiyar ta kasance cikin kamar mita 18, ko da yake ƙudan zuma yana tafiya nesa da haka in rana ta yi kyau. A nan arewa ranar fure sau da yawa iska ce da yayyafi, ƙudan ba ya nisa.

Maman Iman, Bradford:
Na gode ƙwarai, Kawu, na gode Dakta. Yanzu na leƙa ta taga na tuna, maƙwabcinmu na dama, wani dattijo Bature, yana da ƙatuwar bishiyar tuffa, rassanta ma sun leƙo ta kan shinge. 'Ya'yanta manya ne kore, masu ɗan faɗi. Ya ba mu cikin leda da muka tare, yara suka gatsa suka ajiye saboda tsami. Ya ce ta dafawa ce. Ke nan na samu abokiya kyauta?

Dakta Hadiza, Kent:
Anti, ki tambaye shi sunanta kafin ki yi murna. Yadda kika siffanta ta, manya, kore, tsami, ƙatuwar bishiya, na fi zaton Bramley ce, don ita ce tuffar dafuwa da ta fi yawa a gidajen Ingila. In ita ce, ba za ta amfane ki ba. Yawancin tuffa suna da jeri biyu na ƙwayoyin gado, 34 ke nan. Bramley jeri uku gare ta, 51, shi ya sa garin furenta kusan duk bakarare ne. Tana karɓa daga wasu, ba ta bayarwa. Jonagold ma haka take, da Blenheim Orange, da Ribston Pippin, da Crispin. Wanda ya dasa ɗaya daga cikin waɗannan sai ya ƙara wasu iri biyu, ɗaya ya yi mata barbara, su biyun kuma su yi wa juna. Ko kuma ya ƙara guda ɗaya mai iya yi da kanta.

Jonagold ce ta fi kama mutane, saboda ana ganinta a kanti, tana da daɗi, sai mutum ya saye ta da abokiya ɗaya. Ita ta yi 'ya'ya, abokiyar ta tashi da 'yan ƙalilan.

Maman Iman, Bradford:
Maigidan ya tambaye shi da suka haɗu a ƙofa. Bramley ce kuwa.

Kawu Bala, Leeds:
To maƙwabcin ne zai ci riba, don Bramley lamba 3 ce, duk abin da kika dasa zai ƙara mata 'ya'ya. Alheri ne ga maƙwabci, ba a raina shi.

Ga abin da zan dasa da filin nawa ne. Red Falstaff ta farko. A cibiyar binciken East Malling da ke Kent aka haɗa Falstaff daga James Grieve da Golden Delicious, wannan kuma 'yarta ce mai jan launi. Lamba 3 ce, tana iya yi da garin kanta, tana jure sanyin lokacin fure, tana zuba 'ya'ya tun tana ƙarama. Ga ruwa ga garas-garas, zaƙi da ɗan tsami kaɗan, kusa da abin da yaranki suka saba. A Oktoba ake cire ta, in kin sa a wuri mai sanyi tana kaiwa Disamba ko Janairu. Ko ita kaɗai kika dasa za ki ci, amma da abokiya ta fi cika, 'ya'yan sun fi kyan ƙira.

Ta biyun, ki nemi wadda za ta nuna da wuri, don kada duk su zo miki a mako ɗaya. Mutane suna mantawa da wannan, suna duba lokacin fure kawai. Fure tare, nuna daban, shi ake nema. Discovery tana nuna tun Agusta, ja ce mai kyau, tana jure baƙin tabo, amma ba ta ajiyuwa, mako 1 ko 2 ta yi laushi. Katy daga Suwidin take, 1947, sanyi ba ya damunta, farkon Satumba take nuna, furenta da yawa, shi ya sa ake yabonta wurin barbara. Tana da ɗan tsami fiye da Gala. Scrumptious kuma ita ce ta yara, zaƙi da siririn ɓawo, a Satumba, ita ma tana yi da kanta. Duk ukun lamba 3 ne.

Abban Sadiq, Leicester:
Kawu, da girmamawa, duk waɗannan da kuka lissafa ruwa ne da sukari. In tuffar kanti mutum yake so, ya je kanti. Amfanin dasa taka ai shi ne ka ci abin da ba a sayarwa. In Cox ta gagara, akwai Sunset, ɗanɗanonsu kusan ɗaya kuma ba ta da raki. Akwai Egremont Russet, mai ɓawo ruwan ƙasa, lamba 2 ce, za ta yi da Falstaff ɗin naku.

Kawu Bala, Leeds:
A kan Sunset na yarda da kai, tana yi a arewa, sai dai 'ya'yanta ƙanana ne in ba a rage su ba. Egremont Russet ni ma ina sonta, amma ɓawonta da kaushi, cikinta ba ruwa sosai, yaro da ya saba da Pink Lady ba zai taɓa ba. Ita ta ce don yara take so. Ba na son a zaɓa mata abin da mu manya muke marmari.

Dakta Hadiza, Kent:
Wannan gardamar baki ne zai raba ta. Ana bikin ranar tuffa a ƙasar nan ranar 21 ga Oktoba tun 1990, kuma a makonnin da ke kewaye da ita gonaki da lambuna da yawa suna baje ire-ire a ɗanɗana. Anti, ki kai yaran su gatsa da kansu. Masu nuna da wuri sun wuce a lokacin, amma za ki samu Falstaff da Sunset da Russet. Wanda ya zo Kent kuma ya leƙa Brogdale kusa da Faversham, inda aka tara ire-iren tuffa sama da 2,000.

Baban Amira, Manchester:
Ni na ga ana sayar da bishiyoyin tuffa a babban kanti da araha, a cikin leda. Me zai hana ta ɗauki biyu a can?

Kawu Bala, Leeds:
Araha ba ta ado, Baban Amira. Wasu suna kamawa lafiya. Abin da ke hana ni shi ne sau da yawa ba a rubuta gindin da aka yi auren a kansa ba. Duk bishiyar tuffa da ake sayarwa mai aure ce: saman shi ne irin da za ka ci, gindin kuma shi ke yanke girman bishiyar. Bishiyar da ke kan gindi mai suna M27 ba ta wuce mita 1.2 zuwa 1.8, M9 mita 1.8 zuwa 2.4, M26 mita 2.4 zuwa 3, MM106 mita 3 zuwa 4, M25 kuwa ta gona ce, tana haura mita 4.5. Ka sa M25 a fili mai faɗin mita 5, ka rufe wa kanka rana da maƙwabta.

'Yata, M26 za ki nema. M27 da M9 saiwarsu ba ta da ƙarfi, suna son ƙasa mai kyau, ba sa son ciyawa kusa, kuma turke har abada. A lakar Bradford M26 ta fi haƙuri. Ki bar mita 3 tsakanin bishiyoyin biyu.

Ummu Khalil, Landan:
To ga wata hanya tunda kun dage sai biyu. Akwai bishiya guda da ake aura wa iri 3 a jiki. Gindi ɗaya, barbara ta samu, fili ya ragu.

Kawu Bala, Leeds:
Akwai, kuma masu haɗa ta suna zaɓar masu fure lokaci ɗaya. Wahalarta a wurin aski take. Kullum iri ɗaya ya fi sauran ƙarfi, in ba ka san reshen da za ka datse ba sai ya danne su, bayan 'yan shekaru ka koma mai iri ɗaya. In fili ne damuwa, katangar nan da rana ke duka ita ce dukiyar gidan. A jera bishiyoyi masu sanda ɗaya a jikinta, a kwantar da su a karkace, a ɗaure a waya, santimita 75 tsakani. Mita 3 na katanga zai ɗauki iri 4, tsakar filin kuma ya zama na yara. Sai dai banda Discovery a wannan tsarin, don tana yawan yin 'ya'ya a bakin reshe, askin da ake yi musu a ƙarshen bazara zai cire su.

Akwai kuma tuffar ado, mai ƙananan 'ya'ya, irin su Evereste da Golden Hornet da John Downie. Furenta yana daɗewa, yana yi wa kusan kowa barbara. Manoma suna sa ta a tsakanin layuka saboda haka. Ki duba titinku a watan Mayu, wataƙila ma akwai.

Malam Ɗanjuma, Jos:
Salamu alaikum. Ina bin zancen nan da sha'awa daga gida. Mu ma a Filato ana noman tuffa kaɗan-kaɗan, amma duk sunayen da kuka kira ba namu ba ne. Anna muka sani, da Dorsett Golden, kuma tare ake dasa su don su yi wa juna barbara, daidai da abin da Kawu ya faɗa. Abban Sadiq ya sa ni kwaɗayin Cox. Wani zai iya riƙo mini reshenta in zai zo gida, in aura?

Dakta Hadiza, Kent:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada a riƙo. Na farko, shigo da reshe ko dashe Najeriya sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, kuma da dalili, ta haka cututtukan bishiya ke tsallaka ƙasa. Na biyu, ko ta iso ba za ta yi ba. Tuffa tana zubar da ganye ta yi barci, ba ta farkawa da kyau sai ta tara awoyin sanyi ƙasa da digiri 7. Ire-iren Ingila da yawa suna neman awa 800 zuwa 1,000 ko fiye. Jos tana kan tudu kamar mita 1,200, amma ko a Disamba da Janairu da wuya sanyi ya daɗe a ƙasa da 7. Cox za ta yi ta ganye jefi-jefi ba fure. Anna a Isra'ila aka fitar da ita don ƙasa mai ɗumi, awa 200 zuwa 300 sun ishe ta. Dorsett Golden kuwa a tsibiran Bahamas aka same ta, buƙatarta ba ta kai haka ba ma.

Inda sanyin bai isa ba, dabara ake yi. A yankin Batu na tsibirin Java a Indonesiya, bayan an cire 'ya'ya sai a tsige ganyen bishiyar da hannu, a lanƙwasa rassan su kwanta, sai idanun su tohu su yi fure. Da haka suke girbi sau 2 a shekara. In za ku yi, ku tsige Anna da Dorsett lokaci ɗaya, in ba haka ba furen zai saɓa, barbarar ta lalace.

Malam Ɗanjuma, Jos:
Tsige ganyen muna yi, amma ban taɓa lura da haɗa lokacin ba, kowa ranar da ya samu hali. Allah ya saka da alheri, Dakta. Zan gaya wa abokan noma.

Auwal, Kano:
Ni ƙwallon tuffar da na saya a bakin titi na shuka a tukunya, ya tsiro har ya kai gwiwa. Yaushe zan sa ran 'ya'ya?

Dakta Hadiza, Kent:
Auwal, ka ci gaba da ba ta ruwa don sha'awa, amma kada ka sa rai. Tuffar da ake sayarwa a Kano shigo da ita ake yi, yawanci daga Afirka ta Kudu, kuma ire-ire ne masu son sanyin da Kano ba ta da shi. Sannan ƙwallo ba ya maimaita uwarsa, saboda rabin gadonsa na bishiyar da ta yi barbarar ne. Wani lokaci ana dace, Bramley ɗin maƙwabcin Anti daga ƙwallon da wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka a Southwell a 1809 ta fito. Amma mafi yawa tsami ne da ƙanƙanta, bayan jiran shekara 6 zuwa 10.

Maman Iman, Bradford:
Kai, na ƙaru sosai, Allah ya biya kowa. Mun zauna da maigidan. Red Falstaff a kan M26 a can ƙarshen fili, Scrumptious a kan M26 daga gefen katanga, tsakiya ta yara. Za mu je ɗanɗano a Oktoba, in sun so Sunset mu ƙara ta mai sanda ɗaya a jikin katangar, don Abban Sadiq ya huce. Yaushe zan dasa? Yanzu zan saya a tukunya, ko in jira?

Abban Sadiq, Leicester:
Na huce, Hajiya. Za ki ba ni labari.

Kawu Bala, Leeds:
Ki jira. Ki ba da oda tun yanzu wurin masu renon itatuwan marmari, don masu kyau suna ƙarewa da wuri. Za su aiko miki da ita tsirara, ba ƙasa a saiwar, tsakanin Nuwamba da Maris lokacin tana barci. Ta fi araha, ta fi kamawa. Kada ki dasa ranar da ƙasa ta daskare ko ruwa ya kwanta. Ki jiƙa saiwar a bokiti kamar awa 1, ki haƙa rami mai faɗi ba mai zurfi ba, ki kafa turke kafin ki sa bishiyar. Za ki ga wani kumburi a ƙasan gangar, wurin auren ke nan, dole ya tsaya sama da ƙasa kamar faɗin tafin hannu. In kika binne shi, saman zai yi saiwar kansa, M26 ɗin ta tashi a banza, bishiyar ta zama ƙatuwa. Ki cire ciyawa mita 1 kewaye da gindin, ki zuba taki a sama ba tare da ya taɓa gangar ba, ki riƙa ba ta ruwa a bazarar farko da ta biyu in an yi fari. Shekarar farko duk 'ya'yan da ta ɗaura ki cire su tun suna ƙanana, ƙarfin ya tafi saiwa. Kuma kada a yi feshin maganin ƙwari lokacin da fure yake buɗe, ki roƙi dattijon nan ma kada ya yi.

Maman Iman, Bradford:
Cire 'ya'yan farkon nan zai yi mini wuya, Kawu. Ko guda biyu ba za a bari ba, yara su gani?

Kawu Bala, Leeds:
Ki bar ɗaya a Falstaff, kusa da ganga inda reshe ke da ƙarfi. Scrumptious ki cire duka.